Ranar da Turmi Ya Kayar da Ɗan Lakol

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini haƙora, da ranar da na shiga rawar da ba tawa ba a Gaya. Shekara biyu ke nan da tafiyar Nasara, na dawo hutu daga lakol, makarantar boko, a Yamai, wando tsuke, takalmi sai ƙyalli, ina jin in na yi tari har ƙetaren kogi sai an miƙe tsaye.

Bikin ɗan kawuna ake yi, bayan la'asar. Amma ba ango ya kai ni fili ba, Kulu ce, 'yar Baba Arzika, wadda na yi wata guda ina gaisarwa tana amsawa kamar mai ciwon haƙori. Na ce yau sai ta san da ni.

Can makaɗa suka sauya kiɗa, wani mai nauyi, a hankali. Mata suka ɗauki amshi: "Dutse bisa kai, bulala bisa baya, kumandan na inuwa." Samari duk suka ja da baya (na ɗauka kwarjinina ne, ka ji wauta). Na daka tsalle na faɗa fili ina juyi irin na Yamai.

Ashe kiɗan tsofaffin da suka yi aikin tilas ne a hanyar Dosso, zamanin Nasara. Da turmi a ka ake taka shi, don tuna dutsen da suka ɗauka, kuma wanda ya shiga ba ya fita sai ya zagaya fili sau uku.

Baba Arzika ya taho, turminsa a ka kamar hula. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, a wane zango ka yi naka aikin? Ban shaida ka ba."

"Baba, ai ni... lakol..."

"Madalla. Ku ɗora wa mushe nasa."

Mushe, wato "yallaɓai" da Faransanci, ni ke nan. Ƙarti biyu suka ɗora mini turmi. Wallahi sai da wuyana ya shige cikina (dā ni dogo ne, ku tambaya). Taku ɗaya, taku biyu, gwiwoyina suka kama wata rawa da ba makaɗin da ya kaɗa ta. A na uku takalmin ƙyalli ya zame: ni gabas, turmi yamma. Ya gangara ya tsaya daidai ƙafar Kulu.

Ta dube shi, ta dube ni. "Sannu, mushe. In kawo taɓarya?"

Dariyar da aka yi, har masuntan garin Tunuga sun ce ta kore musu kifi.

Tsohon ne ya ɗaga ni, yana kakkaɓe mini ƙasa. "Mu ma mun faɗi, ɗana. Mu dai ba dariya aka yi mana ba."

Da manyana suka je nema mini auren Kulu, Baba Arzika cewa ya yi saura zagaye uku. A tsakar gidansa na cika su, ba takalmi, yana rera waƙar da kansa.

Yau tsofaffin nan duk sun kwanta dama, ba mai kaɗa kiɗan, kuma da zan sake jin sa, turmi biyu zan ɗauka (ƙanana). Kulu kuwa, in na cika baki gaban yara, turmi kawai take kallo, sai in yi shiru. Ni dai na koya: in ka ga samari sun ja da baya, tambayi kiɗan na wane ne kafin ka ɗaga ƙafa.