Ranar da Na Sha Ruwan Kanal Saboda Allurar Baba

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa ba da hutuna na farko daga makarantar koyon aikin lafiya. Na dawo ƙauyenmu a Bunkure na tarar Baba ya rame, ciwon suga ya ci ƙarfinsa. Likita ya ce sai ya fara allurar insulin, shi kuma ya kafe, wai duk wanda aka fara yi wa allura kullum to an sallame shi. Inna ta yi kuka har ta gaji. Ni kuwa, da ilimin zango ɗaya tal a kaina, na ce a bar min shi.

Na saka farar rigata ta asibiti (ko ɗinkinta bai gama sakewa ba) na bi shi gona. Na tarar da shi a bakin kanal ɗin ban ruwa tare da maƙwabtan gonarmu, ana jiran a sako ruwa.

Na gyara murya. "Baba, jininka kamar kanal ɗin nan ne, suga shi ne ruwan. Ƙwayoyin kitsen jikinka su ne fangalai. Kowacce tana da tiyonta a ajiye a ciki, ba ta fito da shi sai insulin ya zo ya ƙwanƙwasa ya ce ruwa ya iso. In saƙon bai kai ba, kanal ya cika ya yi ambaliya, gona kuma tana ƙishi."

Wallahi kowa ya shiga gyaɗa kai. Har Malam Sabi'u mai albasa ya ce, "Ikon Allah!" Da na tsaya a nan, da na koma gida da mutuncina. Ina! Sai na ce bari in nuna musu a aikace.

Na ɗauki tiyon ban ruwa. Kowane yaro a Bunkure ya san yadda ake yi: a nutsa shi ya cika, a toshe baki da tafin hannu, a fizgo shi cikin fangali. Ni da na fi shekara shida rabona da gona, sai na kafa baki na zuƙa da iya ƙarfina. Ruwan kanal ya taho min gaba ɗaya, da laka, da gansakuka, da wani abu mai motsi wanda har yau ban so in san sunansa ba. Na ƙware, santsi ya kwashe ni, sai ga likita tsamo-tsamo a cikin kanal, takalmina ɗaya ya kama hanyar Kura.

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya yi dariya har da hawaye, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Da ya sarara ya goge ido ya ce, "To, na gane. Ruwa na nan, mai kai saƙo ne ya gaza. Gobe ka kai ni a yi allurar." Ya dubi rigata da ta koma kalar kunu. "Amma don Allah ba kai za ka yi min ba."

Yanzu Baba ya murmure, bana da kansa ya dasa tumatir. Ni kuma har yau a gona sunana Likitan Tiyo, ina amsawa da murna. Darasin da na koya shi ne, in bayani ya shiga, ka rufe bakinka, musamman a kusa da kanal.