Rasuwar Dattijuwa, Motar Gidanmu, Bayan An Canja Mata Abinci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka fara koyon tafiyar ƙasa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motar gidanmu, wadda muke kira Dattijuwa. Ta cika da safiyar Talata a tsakiyar shataletale, bayan doguwar jinya.

Mahaifinmu ne ya bar mini ita. Mai haƙuri ce, ba ta da raini. Ta ɗauki buhun siminti, ta ɗauki akuya, ta ɗauki surukaina, ba ta taɓa nuna bambanci ba. A kujerarta ta baya aka haifi babbar 'yata, domin ƙofar asibiti ta yi nisa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta ciki, wannan kuwa ya koya mini shiga ta gefen fasinja cikin ladabi.

Aibinta ɗaya: shan fetur. Da fetur ya yi tsada, mijin ƙanwata ya zo da shawara. Ya ce akwai wani mai da ake tatsowa daga rake da rogo, itanol sunansa, kuma gare shi duniya ta koma.

"Yaya, injin nan ba ruwansa," in ji shi. "Duk abin da zai kama wuta abinci ne a wurinsa."

Shi kansa keke yake hawa.

Makanikinmu ya karɓi aikin. Ya buɗa hanyoyin mai a kafireta, ya canja tiyo da robobi, ya ce sabon man yana cin tsohuwar roba. Tankin ne kawai bai taɓa ba, ya ce tankin da ya ga zamanin mahaifinmu ba abin da zai ba shi tsoro.

Da farko ta murmure. Hayaƙinta ya yi fari, ƙamshinsa har daɗi. Sai dai ƙamshin, mai kama da na giya, ya bi ni ofis, har shugabana ya kira ni gefe ya ce idan ina da damuwa a gida in faɗa masa.

Daga nan ciwo ya bayyana. Da safe sai ta yi kir, kir, kir, ta yi shiru kamar tana tunani. Ashe man yana jan ruwa, ruwan yana tayar da tsatsar tanki, tsatsar tana toshe mata maƙogwaro. Aka wanke, aka tace, aka sake wankewa. Ranar Talata na ɗauki 'yata zuwa jarrabawar neman aiki. A shataletale Dattijuwa ta yi tari biyu, ta ce tuf. Ba ta ƙara cewa komai ba. 'Yata ta cire takalmi ta ƙarasa a guje, ta kuma samu shiga. Ni na tsaya tare da gawa.

Marigayiyar ta bar batir mai sauran kwana, da tayoyi huɗu waɗanda ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, da jarkar itanol da ba wanda ya san yadda zai yi da ita. Mijin ƙanwata ya ce matsalar daga tuƙi ce. Iyali sun roƙe shi ya yi ta'aziyyarsa a zuci.

Za a raka ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe ranar Asabar da hantsi, daga ƙofar garejin makaniki. Ba a sami motar da za ta ja ta ba, saboda haka turawa za a yi. Masu rakiya su zo da takalmin da ba ya santsi, akwai hawa a hanya.

Mahaifiyarmu ta aiko da saƙo jiya. Ta ce a kujerar gaba ta zauna ranar da mahaifinmu ya kawo motar gida, kuma a nan za ta zauna ranar da za ta fita. A zo da ƙarfi.