Rasuwar Kalkuletar Gidan Alamin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da ba komai a cikinsa, ni Alamin Sodangi, manomi a yankin Suki, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabtan gona rasuwar kalkuletata. Ta cika ranar Talata da azahar, bayan shekara goma sha ɗaya muna tare.

Marigayiyar ba ta taɓa cin batirin kowa ba, hasken rana kaɗai ne abincinta. Duk farkon wata mukan zauna a rumfa, ni da ita da maiɗakina Raliya, mu kasa abin da auduga da albasa suka kawo: na gawayi, na sukari, na niƙa, na makarantar 'yarmu Ilham. Ba ta da surutu. Ƙit, ƙit, ƙit, iyakar maganarta ke nan.

Amma babban halinta shi ne rufin asiri. Idan lissafi ya doshi kuɗin jabana, gahawar nan da nake saya wa abokai kullum a kasuwa, wani lokaci har da soyayyen kifi, sai in ɗora babban yatsa a kan 'yar tagar da take shan haske. Nan take baiwar Allah za ta suma. Sai mu sake daga farko, mu tsallake wurin, a ɗora wa tsadar kaya laifi. Wallahi ko sau ɗaya ba ta tona ni ba.

Ranar Talata sukari ya ƙare, wata ko rabi bai yi ba. Raliya ta ce yau ita za ta yi lissafin. Ta fizge kalkuletar daga hannuna, ta kai ta tsakar gida cikin rana tsaka, inda yatsana ba ya kaiwa. Raliya kuwa, kamar sauran matan ƙauyen nan, da tsohon kuɗi take ƙirga: abin da banki ke kira dubu, ita miliyan take ce masa, kuma sai ta danna sifilin duka. Marigayiyar gurbin lamba takwas gare ta kacal. Ta daure, ta haɗiye gawayi, ta haɗiye niƙa. Ana dab da fitar da abin da ya ɓace, ta nuna harafi guda, ta ɗauke. Kaico! Ta gwammace mutuwa da ta ba da shaida a kaina.

Ta bar littafin lissafi mai tabon mai, da guntun fensir, da ni. Raliya ta ƙarasa lissafin da ƙwallayen dabino, su kuwa ba sa suma. Tun daga ranar jakar kuɗin gida ta koma hannunta.

Za a binne marigayiyar gobe bayan la'asar a bakin magudanar ruwan gona. Zaman makoki wuni ɗaya ne, kowa ya zo da sukarinsa. Gudummawa a miƙa wa Raliya, ni addu'a kawai aka yarda in karɓa. Ana roƙon abokan jabana su halarta duka, kada wanda ya makara. Raliya ta ce tana son ta ga fuskokin mutanen da ta yi shekara goma sha ɗaya tana ciyarwa.