Kartar Mai Girma Shugaban Rabon Taki

Jiya na wuni a layin mai a Rano, ina tura babur kamar mai rakiyar gawa. Da layi ya zo kaina aka ce mai ya ƙare, sai dai na manya da aka ajiye a jarkoki. Allah ya ƙara wa manya lafiya, in ba su hau mota ba wa zai tuna da mu? Wani saurayi a gefena ko a jikinsa, karta yake bugawa a waya. Nan take na tuna kwamfutar farko da na taɓa gani.

Lokacin ina saurayi ne, farar hula ta dawo, Shari'a tana sabuwa fil. Aka kawo kwamfutar wani ofishi da ba zan faɗa ba, fara sol, da ƙaton ƙeya kamar tulu. Sai ka cire takalmi kafin ka shiga ɗakinta. Mai mura ba ya kusantar ta, wai tana kamuwa da cuta. In an tashi aiki a lulluɓe ta da leshi. Wallahi na so ta. Ƙugin da take yi in an kunna ta har yau yana kunnena.

A daminar shekarar aka ce sai kwamfuta ta tantance manoma kafin a raba taki. Muka riƙa zarya ni da maƙwabcina Ramalan, manomin masara daga Fassi, wanda bai daɗe da shan bulala a bainar jama'a ba saboda an kama shi yana karta a gindin mangwaro. Kullum masinja ya ce, "Mai Girma yana kan na'ura, aikinku yake yi." Janareto na ta shan mai, masararmu na ta yin rawaya.

Ran nan haƙuri ya ƙare, muka zagaya muka leƙa ta taga. Jama'a, in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Mai Girma ya haɗa gumi, ya riƙe abin nan da ake kira ɓera, allo kore shar, karta jere reras.

Na ce, "Ramalan, mu gudu."

Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Sai ji na yi ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ɗora jar bakwai ɗin can a kan baƙar takwas!"

Na sadaƙar yau za mu kwana a ɗaure. Mai Girma ya waigo, ya harare mu, ya koma ya ɗora. Wasa ya buɗe. Ya ce wa Ramalan, "Kai, shigo. Cire takalmi."

Da yamma Ramalan ya fito da buhunan taki a amalanke. Ni ko cikin cokali ban samu ba. Na ce, "Ashe ba ka tuba ba?"

Ya ce, "Haba Shitu, waccan ta takarda ce. Wannan aikin gwamnati ne."

Abin ya tsaya mini a rai, na kai wa Malam Uzairu na unguwarmu tambaya: mene ne hukuncin kartar da ke cikin na'ura? Ya shafa gemu ya ce ba a yanke hukunci da ka, sai ya je ya gani da idonsa. Ya je kuwa. Har yau ina jiran amsa, amma a shekarar nan duk ƙaramar hukumarmu ta Kibiya babu gonar da ta kai tasa kyau.