Yadda Za Ka Kai Surukarka Teku Ta Dawo Ba Ta Ga Ruwa Ba

Kai mijin 'yar mutane, matso kusa. In ka shirya kwasar iyalinka zuwa hutu a jirgin ruwa, aka liƙa maka uwar matarka, kana kuma so ta shiga teku ta fito ba ta ga ko cikin cokali na ruwa ba, ka zo inda ya dace. Ni Odessa Pruitt ta Shreveport, a jikina aka gwada dabarar nan, kuma na ba ka tabbaci tana ci. Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Wendell, mijin 'yata Lorraine, mai sayar da inshorar mota. Ni ce dai na rubuta, don in ka tambaye shi wani labarin daban zai ba ka.

Mataki na 1: Tambaye ta abin da take so

A gaban jama'a za ka tambaya, ranar Lahadi bayan an tashi coci, kowa na kan tebur bakinsa cike da soyayyen kifi.

"Mama Odessa, me kike so a tafiyar nan? Faɗi ko mene ne."

Abu ɗaya za ta ce. Ni taga na ce. Tun ina yarinya na bar makaranta na shiga wanki da guga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani asibiti, ban fito ba sai da gwiwoyina suka ce sun gaji. Teku kuwa a jikin kalanda kawai na san shi. Na ce, "Taga, Wendell. In buɗe ido da safe ina kan gado in ga ruwa. Ba na son rawa, ba na son jatan lande."

Sai ka dafa ƙirji ka ce, "An gama." Kada ka manta da dafa ƙirjin nan. Shi mutane ke tunawa.

Mataki na 2: Zama gwani

Buga taswirar jirgin a takarda, hawa-hawa, ka shimfiɗa a teburin cin abinci. Sayo alƙalami ja da kore da shuɗi. Ba kome in jirgi mafi girma da ka taɓa hawa shi ne kwalekwalen kamun kifi na yayanka, wanda aka dawo da kai bakin tafki kwance a cikinsa. Mutumin da ya saƙala alƙalami a kunne ba a yi masa gardama.

"Wendell, ɗauke jirginka, zan ajiye miya," in ji Lorraine.

"Kin ɗiga min romo a hawa na tara!"

"To ka ce wa mutanen hawa na tara su yi haƙuri."

Mataki na 3: Fara da kanka

Can ƙololuwa, can gaba, saitin hancin jirgi, ɗaki mai baranda da ƙofar gilashi. Ka ce don yara ne, suna bukatar iska. Jikokina tagwaye ne, Nadine da Noreen, kuma tun daga shiga har fita ban ga ɗayarsu ta zauna a barandar nan ba. Suna can wurin ninkaya kamar kwaɗi.

Mataki na 4: Ita kuma nemo mata tagarta

Nan ne zuciyar aikin, ka natsu. Kamfanin yana da wasu ɗakuna da aka rubuta "mai taga" da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da 'yan mitsi-mitsi an ce "an ɗan tare". Irinsu za ka zaɓa, can ƙasa-ƙasa, a tsakiyar jirgi. Ka ce mata saboda gwiwoyinta ne, ga wurin cin abinci kusa. Ka ɗora babban yatsa a kan ƙananan baƙaƙen lokacin da kake nuna mata.

Ranar da muka shiga jirgin a tashar Galveston hular coci na sa, mai fure. Na ajiye jaka, na yi addu'a, na ja labule.

Launin ruwan lemo. Daga sama har ƙasa, daga dama har hagu, ruwan lemo. Jikin kwalekwalen ceto ne, ƙato, rataye a bakin gilashin, har ina iya ƙirga ƙusoshinsa. Na ɗaga wayar ɗaki.

"Wendell, akwai kwalekwale a tagata."

"Kin ga gata ke nan, Mama. In wani abu ya faru, ke za ki riga kowa tsira."

"Ruwa na ce maka, ba tsira ba."

"Ki ɗan durƙusa ki karkata wuya, ta ƙarƙashinsa ana hangowa."

In durƙusa. Da gwiwoyin da ya ce dominsu ya zaɓa min ɗakin.

Mataki na 5: In ta yi ƙorafi, nuna mata sama

Ka ce, "Ai ga ruwa nan ko'ina a saman jirgi." Na hau. Kiɗa kamar za a fasa kunne, ƙartai sun shafe jiki da mai suna ƙyalli, kowace kujera an jefa mata tawul tun da sassafe an kama wuri, mai tawul ɗin kuma ya koma barci. Na hango wani shuɗin abu ta tsakanin tumbin wani mutum da kofinsa. Ba wannan na roƙa ba.

Ka kuma gayyace ta barandarka, don kada a ce. Kujera biyu ce. Ka zauna a ɗaya, ka shanya jiƙaƙƙen wandonka a ɗayar.

Lorraine ta raka ni ƙasa tana cewa, "Mama, ki yi haƙuri, ya yi ƙoƙari fa."

"Na ga ƙoƙarin. Yana rataye a tagata."

Da zama ya yi zama har na saba da kwalekwalen. Na raɗa masa suna Wendell Ƙarami, tunda shi ma yana nan tsaye a gabana ba ya tsinana kome.

Mataki na 6: Kada ka tambayi kowa inda jirgi ya fi jijjiga

Gwani ba ya tambaya. Kan hanyarmu ta dawowa daga tsibirin Cozumel iska ta taso da hantsi. Ashe in teku ya fusata, sama da gaba ne ke shan wahala, ƙasa da tsakiya kuwa da ƙyar suke sanin ana yi. Ni ban san haka ba, shi ma bai sani ba, duk da alƙalumansa uku.

Ina zaune ina cin wainar masara ni da Ƙarami, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙasa-ƙasa, kamar kare ne ke karta. Na buɗe. Lorraine ce riƙe da tagwaye, duk sun yi laushi. A bayansu Wendell, yana bin bango, fuskarsa kamar dafaffiyar kuɓewa, rungume da kwandon shara.

"Kaka, Baba ya yi amai a takalminsa," in ji Noreen.

"Duka biyun," in ji Nadine.

Lorraine ta ce, "Malamar jinya ta ce mu nemi wuri a ƙasa, a tsakiya."

Na shigar da 'yata da jikokina, na ba su biskit da lemon citta. Shi kuma na tsaya a ƙofa. Ya leƙa ta ƙarƙashin hannuna.

"Mama Odessa, ɗakin nan ba ya motsi."

"Gwani ne ya zaɓa."

"Don girman Allah, in ɗan kwanta."

"Miƙo katin buɗe ƙofarka."

"Sama ba ta zaunuwa, Mama, za ki galabaita."

"Yaro, rayuwata duka a tsakanin injinan wanki na yi ta, ƙasa na rawa a ƙarƙashina tun kafin a yaye ka. Katin."

Ya miƙo.

Mataki na 7: Wannan ba naka ba ne, kwance kake

Na sa hulata na hau lifta. Na tsallake takalman. Na ja labule.

Ba shuɗi ba ne kamar na kalanda. Toka-toka ne, yana kumfa, yana tashi kamar tudu yana rushewa, kuma ba shi da ƙarshe ta ko'ina. Na cire hular na kwanta a gadon. Ya ɗaga ni, gilashin ya cika da sama. Ya sauke ni, ya cika da ruwa. Abincin rana ya wuce ni ban sani ba.

Washegari na buɗe ido, ga shi nan a kwance lumui, rana ta zuba masa haske tun daga can har gindin barandar. Na daɗe ban motsa ba. Sai ga ƙwanƙwasa, wannan karon daga sama, alamar mutum ya miƙe.

"Mama, ruwa ya kwanta."

"Na gani, Wendell. Ta taga."

Bai sake ganin katin nan ba sai a Galveston.

Mataki na 8: Koma gida ka gyara labarin

Kafin tsohuwa ta kwance jaka, ka riga ta zuwa coci. Ka gaya wa fasto cewa da ka ga surukarka ba ta jin daɗin ɗakinta, sai ka sadaukar mata da naka mai baranda. Ka sunkuyar da kai kana faɗa. Mata za su ce, "Kai, Lorraine ta yi dace!" Za a ma sa ka yi wa samari jawabi kan girmama manya. Wendell ya yi nasa ranar Lahadin da ta wuce, ina zaune a layin gaba. Ya dafa ƙirji.

Shi ya sa takardar nan take manne a allon sanarwa na coci, kuma nan za ta zauna har sai ya tashi tsaye a kan teburin nan na kifi ya faɗi da bakinsa wa ya ba wa me, kuma a wane hali. In ya ƙi, Nadine ta ɗauki hotonsa yana barci a gindin kwalekwale, kwandon shara a hammata, kuma allon yana da sauran fili.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Ba ruwan Odessa Pruitt da takalmin da ya lalace, ko matar da ta daina yi maka magana a mota, ko surukar da ta ɗanɗana baranda ta ce ba ta sake sauka. Kada a kawo min ƙara, kada a kira ni a waya lokacin da nake kallon shirina.

Kai kuma Wendell, taswirar tafiyar baɗi da ka ɓoye a bayan firiji, na gan ta. Duba hawan ƙarshe, can gaba. Da jan alƙalaminka na zagaye.