Igiyar da Na Ce Sai Ta Miƙe

Ba zan taɓa mantawa da cinyar san nan ta garin Yekuwa ba, ko da zan manta sunan garinmu. Shekaru kaɗan ne kafin Nasara su shigo Damagaram, ina saurayi mai ji da ƙarfi, ina neman auren wata yarinya Hajo. Mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba, kallona dai yake yi. Da bikin yayanta ya zo, na taso tun daga Bande don in nuna masa ni mutum ne mai amfani.

An yanka sa, aka rataye cinya guda a tsakiyar wata igiya da aka ɗaure tsakanin dirkoki biyu na rumfar baƙi. Nauyin naman ya sa igiyar ta yi ciki, har wani kare yana ta tsalle yana shinshina. Dattawa kuwa suna ƙarƙashin rumfar suna cin tuwo.

Babu wanda ya sa ni. Na kwance bakin igiyar, na zagaya da shi bayan dirka, na fara ja.

Mahaifin Hajo ya ɗago kai. "Ɗan nan, ɗaga ta sama kaɗan kawai, ka bar mata cikinta."

"Yanzu za ta miƙe sar, Baba," na ce (Hajo tana leƙe ta bayan zana, shi ya sa har da murmushi).

Abin da ban sani ba, a wurin da aka ƙulla naman abu uku ne ke ja: nama yana ja ƙasa, ɓangarorin igiya biyu suna riƙe shi. Muddin sun karkata sama, aikin da sauƙi. Amma suna kwantawa, ƙarfinsu sai ya koma jan dirkoki, ɗan abin da ya rage ne ke ɗaga naman. Ni dai na ji cinyar tana ƙara nauyi kamar san ya dawo da ransa, na ɗauka raini ne. Na taka dirka da ƙafa, na ba da baya da dukkan ƙarfina.

Igiyar ba ta miƙe ba. Dirkar can gefe ce ta tumɓuko, rumfa ta rufto a kan dattawa da tuwonsu, ni kuma na zauna daɓas cikin ƙasa. Kunya ta kama ni har na ji da ma ƙasar ta tsage in shige.

Mahaifin Hajo ya rarrafo daga ƙarƙashin zana, miyar kuka a gemunsa, ya dube ni.

"Ƙarfi kam akwai," ya ce. "Hankalin ne za mu jira. Ka dawo baɗi."

Shekara guda cur na jira kafin a ba ni ita. Tun daga ranar, in babba ya ce in sassauta, ba na tambayar dalili, sassautawa nake yi da hannu biyu.