Rasuwar Bakin Zuma, Gogen da Ya Cika a Sararin Sama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana ambaliya, Malam Maje mai goge na Gyadi-Gyadi yana sanar da 'yan uwa da masu rawa rasuwar gogensa, Bakin Zuma, wanda rai ya yi wa halinsa a cikin jirgin sama tsakanin Kano da Ikko, a daminar bana ta 1956.

An haifi marigayin a wata gonar duma da ke Tarauni. Ƙwarya ce mai kyan tsari, aka rufe ta da fatar guza, aka ɗaura mata tsarkiya ta gashin wutsiyar doki. Tun daga nan bai taɓa saɓa alkawarin biki ba. Idan ya ce "gwiii-gwi-gwiii", tsohuwar da ke kukan ciwon gwiwa sai ta manta da sandarta a bakin zaure. Aibinsa ɗaya: ba ya son sanyi. Da ya ji danshi sai fatarsa ta saki, murya ta dushe, sai Maje ya kai shi bakin wuta ya lallashe shi.

Ga yadda ajali ya zo. Obiechina, mai shagon yadi kuma aminin Maje, zai aurar da 'yarsa Nkolika a Ikko. Yarinyar ta taso da jin gogen nan, ta ce ba ta rawar aure sai da shi. Maje ya bugi ƙirji ya yi alkawari, uban ya sa shi da gogen a jirgi.

Wani tsohon soja ya gaya wa Maje cewa sanyin sama ya fi na randa. Saboda haka tun a bakin filin jirgi ya gasa marigayin a garwashin mai tsire har fatar ta ɗame tamau, ya naɗe shi da bargo, ya rungume shi a cinya. Da jirgi ya lula, kunnuwan Maje suka toshe, shi kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa ana haka. Ya zare bargo ya ɗan gwada, sai ya ji muryar can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauka sanyi ne ya kama masoyinsa. Ya ƙara ɗaure tsarkiya. Fasinjoji sun toshe kunnuwa da yatsu don ƙara, Maje na ganin jinya yake yi, ya sake ƙarawa. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ɓas!" Wannan kam Maje ya ji ta sarai.

Alkawari dai bai faɗi ba. A filin biki Maje ya tsaya da gawa a kafaɗa ya yi kiɗan da bakinsa, yana hawaye. Amarya ta yi rawa, tana dariya tana kuka, mutanen Ikko suka ɗauka al'adar Kano ce.

Marigayin ya bar matarsa, izgar da ake goga shi da ita, wadda ta shiga takaba a rataye jikin ƙusa. Ya bar guntun ƙaron da ake shafa wa izgar, da bargo mai warin tsire, da Maje.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Mutanen Tarauni sun ce ɗansu ne, na Gyadi-Gyadi sun ce a hannunsu ya yi suna, don haka za a binne shi a gindin tsamiyar da ke kan iyaka. Ba za a kafa allo ba, domin dattawa har sun kusa ba hammata iska kan yadda ake rubuta Gyadi-Gyadi da boko. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, idan sun ga yatsun Maje na hagu suna motsi a kan gwiwarsa, su kau da kai. Tun da ya sauka daga jirgin ba su daina ba.